Baƙon Inna Kubura

In ka shigo Ƙofar Sauri ka tambayi gidan Malam Sa'idu, za a ce maka wane Sa'idun, don suna da yawa. Amma ka ce mai tarihi, ko mai ƙosan bakin titi za ta nuna maka lungun. Dogo ne siriri, da tabarau da wata jakar fata da ta sha rana har ta koɗe. Ya ɗan haura arba'in. Yana koyarwa a wata sakandaren gwamnati, yana da matarsa Muhsina da 'ya'ya uku. Ba ya faɗa da kowa, ba ya zaman majalisa. Abin da mutane ke faɗa a kansa guda ne: ba a gane farin cikinsa, ba a gane baƙin cikinsa. Ranar da aka yi masa haihuwa da ranar da aka binne mahaifinsa, wallahi fuska ɗaya ya fito da ita. Masu cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba su haɗu da Malam Sa'idu ba.

Wasu na cewa girman kai ne irin na 'yan boko. Ba su san shi ba ne. Mu da muka san gidan mun san inda abin ya samo asali.

Shi ne ɗan farin Inna Kubura. Ita kuwa Inna jinin Fulani ce, daga wata ruga ta arewacin gari aka auro ta, ta zo da kunyarta cur, ba a rage ko ƙwayar gero ba. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. To amma yawancin mata don idon jama'a suke yi, in an shiga ɗaki sai a rungume yaro. In ya girma ma abin ya yi sauƙi, a laƙaba masa wani suna a ci gaba da hira. Inna Kubura ba ta san wannan rangwamen ba. Ana yaye Sa'idu aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uba a Ƙofar Kwaya, kamar yadda aka saba, ita kuwa ko leƙe ba ta yi ba da aka fita da shi. Mata suka yi ta yabonta. Kubura akwai kawaici, Kubura 'yar asali ce. Yabo dai ta sha shi, yaron kuma ba wanda ya tambaye shi.

Kakar ta riƙe shi da kyau, ba a ce ba. Amma tana rasuwa, lokacin yana gab da gama firamare, aka maido shi gidan ubansa. Ya tarar da ƙanne suna hawa jikin Inna suna sauka, suna ja mata kallabi, tana zaginsu tana dariya. Shi kuwa iyakarsa bakin ƙofa. Da safe ya durƙusa ya ce, “Inna, ina kwana.” Ta amsa “lafiya” tana kallon murhu. Shi ke nan hirar yini ta ƙare. In akwai saƙo, ƙannen ne 'yan aike, ko da kuwa yana zaune tsakar gida yana jin ta. Ba ta taɓa barin tuwonsa ya huce ba, ba ta taɓa barin rigarsa da datti ba, don haka ba abin da zai kai ƙara a kai, kuma wa zai kai wa? Da farko ya ɗan gwada. Yakan zo da labarin makaranta ya tsaya yana ba ƙannensa da ƙarfi don ta ji, sai ta tashi ta shige madafi. Da ya ga haka sai ya bari. Ba fushi ya yi ba. Abin ne ya kwanta a cikinsa ya daskare, har shi kansa ya daina sanin yana nan.

Da ya samu jami'a ya ce tarihi zai karanta. Mahaifinsa, wanda tela ne a bakin kasuwa, ya ajiye almakashi ya dube shi. “Tarihi? Yo labarin matattu ne zai ba ka tuwo?” Sa'idu dai ya je ya karanta abinsa. A can aka koya masa tonon tsoffin takardu, da gwada zancen wani da na wani kafin a yarda, da yadda ake zama gaban dattijo a ɗauki abin da ke bakinsa. A wannan na ƙarshen ne ya yi fice. Abokan karatunsa in sun je wurin tsoho, tambayoyi suke jero masa kamar 'yan sanda, tsoho ya tsorata ya ce shi bai san komai ba. Sa'idu kuwa sai ya miƙa goro, ya zauna ƙasa da mai magana, ya yi tambaya ɗaya ya ja bakinsa. Tsoho ya yi shiru, shi ma ya yi shiru. Can tsohon ya gaji da shirun, ya ɓalle da zance har da wanda ba a tambaye shi ba. Malamai suka ce baiwa ce. Ina baiwa! Wanda ya girma yana jira a bakin ƙofa, ai jira ba zai gagare shi ba.

Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya kama koyarwa, ya yi aure. Mahaifin ya rasu, ƙanne suka watse gidajensu, aka bar Inna da autarta Ramla, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Sa'idu ya gina ɗan gidansa a lungun baya. Kullum kafin ya wuce makaranta sai ya biya ya durƙusa, a ce masa lafiya, ya tashi. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu sannan ya koma jami'a neman digiri na biyu, ba don wani buri ba, don dai an ce yana taimakawa wajen ƙarin girma.

Malamin da aka ba shi ya duba aikinsa, Dokta Isiyaku, gajeren Bakano ne mai surutu, ba ya gajiya da tsokanar Katsinawa. “Kai Bakatsine, kada ka kawo mini sarakuna da yaƙe-yaƙe, an rubuta su har an gaji. Matan garinku da ke cikin kulle suna juya kasuwa ba su taka ko ƙofar gida ba, wa ya rubuta su?” Haka aka tsayar da magana a kan kaɗi: yadda matan birni a da suke gurje auduga, su shiɓe ta, su murza mazari su fitar da zare, da yadda zaren ke fita daga gidaje ya isa hannun masaƙa, da yadda sana'ar ta mutu bayan zaren kamfani ya cika kasuwa. Waɗanda suka yi ta duk sun tsufa, kullum binne su ake yi. Dokta ya ce ya hanzarta, don kowace tsohuwa ta tafi, da nata labarin take tafiya.

Ya kuwa shiga gari. Da yake gidajen ba a shiga, Muhsina ce ke raka shi ranar da ba makaranta. Ta shige ciki ta lallaɓo tsohuwa zuwa zaure, shi ya shimfiɗa tabarma ya ajiye wayarsa tana ɗaukar murya. Ƙofar 'Yandaka, Ƙofar Kwaya, lungu-lungu. Tsofaffin suka ba shi abin da suke da shi, sai dai kowacce iyakar saninta ɗakinta: ta kaɗa, an zo an karɓa, an sayar mata. Wa ke zuwa karɓa? Dillaliya. Ita ke shiga gida-gida da kwando, ita ta san hannun kowace mace, ita ta san wane masaƙi ke son siririn zare, wane ke son mai kauri. To wace ce dillaliyar? Nan fa ake yin ta. Gidan farko aka ce Kubura ta Ƙofar Sauri. Gida na biyu, Kubura. Wata tsohuwa a 'Yandaka da ba ta san shi ba ta ce, “Yaro, takalminka kake ƙararwa. Tahi ka nemi Kubura in tana da rai, duk zaren garin ga ta hannunta ya bi.” Wata kuma da ta san shi dariya ta yi har da tari. “Ɗan Kubura ne ke yawon tambayar kaɗi? Yau na ga ikon Allah, ga ƙoshi ga kwanan yunwa!”

Shi dai ya san tana fita da kwando lokacin da aka maido shi gida, kafin abin ya mutu. Bai taɓa sanin girmansa ba, don ba mai gaya masa.

Da ya kai wa Dokta labari, Dokta har da tafi. “Mahaifiyarka ce? Kai, tsuntsu daga sama gasasshe! Me kake jira?”

“Ni ne ɗan fari, Dokta.”

“To sai me? Wane zamani muke ciki? Ni ma ɗan fari ne, tawa har waya take kira na ta yi mini faɗa. Je ka zauna da ita, ita ce ƙashin bayan kundin nan.”

Ya je. Wata la'asar ya durƙusa ya gaishe ta, maimakon ya tashi sai ya zauna a bakin ƙofar. “Inna, akwai wata 'yar tambaya ta makaranta.” Inna ta ƙwala wa Ramla kira, ta tambaye ta ko an ba akuya ruwa, ta ɗauki buta ta yi bayan gida. Ya zauna har inuwa ta cinye tsakar gidan, ba ta fito ba. Sai ya sake dabara, ya koya wa Ramla tambayoyin, ya ba ta wayar. Inna ta saurari ta farko, ta saurari ta biyu, ta ƙanƙance ido. “Ke da ko allura ba ki iya zura ma zare, mi ya haɗa ki da mazari? Wa ya aiko ki?” Ramla ta fashe da dariya, asiri ya tonu. Inna ta ce, “To ki ce na manta.”

Ramla ta maido masa wayar ta ce, “Yaya, ka ƙyale tsohuwar nan, ka san halinta.” Ya ce to. Aikin ya tsaya cak, babin tsakiya babu, shekara ta zagayo. Sashen tarihi suka yi gargaɗi cewa wa'adinsa ya kusa ƙarewa, Dokta ya yi faɗa har ya gaji, shi kuwa ko a jikinsa. Yakan buɗe kwamfuta ya zuba wa farin shafi ido, in an kira sallah ya rufe. Gaskiyar magana, wadda ko shi bai gaya wa kansa ba, ba babin yake so ba. So yake matar nan ta dube shi ta yi masa zance sau ɗaya kafin ɗayansu ya mutu.

Sai kuma mantuwar ta zo da gaske. Ta fara da zuba gishiri sau biyu a miya. Daga nan sai ta idar da azahar ta sake tayarwa. Ran nan ta tambayi Ramla ko Malam ya dawo daga kasuwa, Malam mijinta da ya daɗe a kabari. Suka kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, abin da ya faru kusa shi ke fara gogewa, na da can yakan daɗe, kuma ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. A cikin keke napep Ramla ta yi ta kuka tana riƙe da hannun Inna. Sa'idu ya zauna gaba kusa da direba yana kallon titi. Ya saurari kansa ko zai ji wani abu, bai ji ba. Ya sa aka tsaya a kemis ya sayi maganin.

Wata Asabar da hantsi ya biya gidan da jakarsa a kafaɗa, zai wuce laburaren jami'a. Ya yi sallama. Inna na zaune kan tabarma a gindin itacen bedi. Ta ɗago kai ta dube shi, ido cikin ido, ba ta kauda ba. Allah Sarki, mutum ya haura arba'in, sai ran nan ya san idon uwarsa ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne.

“Maraba, maraba da baƙo,” in ji ta. “Ramla! Ke Ramla, kin bar baƙo tsaye? Kawo tabarma, kawo ruwa.” Ta juyo gare shi. “Daga ina, Malam?”

Ramla ta fito da sauri. “Inna, ai Yaya ne, ba ki...”

Sa'idu ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya zauna kan tabarmar, ya ajiye jaka. “Daga jami'a nake, Iya. An ce ke ce Kubura dillaliya.”

“An ce? Wa ya ce an ce? Ni ce, ba wata!”

Ya ciro waya ya ajiye tsakaninsu.

Ashe Inna akwai baki. Ashe mace ce mai barkwanci, mai kwaikwayon muryar mutane, mai ashar in ta kama. Duk gari an san haka, shi kaɗai ne bai sani ba. Abin jiya ba ta riƙe ba, amma zamanin kwando yana nan a kanta tas. Ta gaya masa yadda mata ke shafa alli a yatsa don mazari ya murzu, da yadda ake gane audugar da ba ta shiɓu ba tun kafin a taɓa. “Mace in ta kwana da hushin mijinta, a zare nike ganewa, Malam. Sai ka ga ya yi ƙulli-ƙulli. In ce mata, wance, ku shirya, kina ɓata mani kaya.” Ta lissafa masa masaƙan gari da laƙabinsu, da wanda ke da gaskiya da wanda sai an tsaya masa a kai. Ta ba shi labarin ranar da ta fara riƙe zaren kamfani a hannu, sumul, launi-launi, ta ja ya ƙi tsinkewa. “Na ce Kubura, kwandonki ya mutu. Na zo gida na dafa shinkafa na ci, don in za a yi makoki a yi shi da ƙoshi.”

Tun daga ranar ya zama baƙo a gidan ubansa. Duk zuwan da zai yi sabon baƙo ne, a sake maraba, a sake tabarma, a sake daga ina, ya sake cewa daga jami'a. Wata rana tana cikin zance ta tsaya ta ƙare masa kallo. “Kai kau Malam, ba a ba ka abinci? Dubi wuyanka. Uwarka na da rai?”

“Tana nan, Iya.”

“To ka gaya mata na ce ta ji tsoron Allah ta dube ka.”

“Zan gaya mata.”

Ramla da ke bakin madafi ta toshe baki da zane ta shige ciki. Da zai fita ta tare shi a zaure, idonta ja. “Yaya, wannan fa yaudara ce. Da tana cikin hankalinta ba za ta yarda ba, ka sani. Kuma kai ba ka jin komai ne? Ni da nake gefe zuciyata kamar ta fashe.”

“Na sani,” in ji shi. Ya sa takalmi ya fita. Washegari ya dawo.

Dokta ya ce zancen mai ciwon mantuwa ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an gwada. Sa'idu ya koma wurin tsofaffin matan da wasu masaƙa da suka rage, ya bi zancen Inna ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ba ta kuskure ko laƙabi ba. Babi ya cika ya batse. Dokta ya karanta yana kaɗa kai yana cewa Bakatsine ya yi abin kai. Sai dai ya ce saura abu guda. Dillanci a wancan zamani aikin zawarawa ne da tsofaffi. Me ya fitar da ƙaramar matar aure, mijinta na da sana'a, ta ɗauki kwando? Shi Dokta yana zaton shekarun fari ne, yunwa ce ta tilasta wa gidaje. “Tambaye ta. In haka ne, ka samu abin da za ka rufe kundin da shi.”

Wanda ya ɗauki kundin Malam Sa'idu a yau, don ya gama, an ba shi digirinsa, zai ga an rubuta cewa ba a tabbatar da dalilin ba. Ba haka ba ne. Ya tambaya, an kuwa ba shi amsa.

Da damina ne, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk laima, sai aka shimfiɗa musu a rumfa. Aka yi maraba, aka yi daga ina. Ya kunna waya ya ce, “Iya, me ya sa kika fara dillanci? Yunwa ce?”

“Yunwa? A'a. Maigidana Malam tela ne, ba mu taɓa rasa tuwo ba.” Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta matso ta rage murya. “Tunda kai baƙo ne, gobe ba ka nan, bari in gaya maka. Ɗa gare ni a Ƙofar Kwaya.”

Sa'idu ya yi abin da ya iya, ya yi shiru.

“An yaye shi an kai ma uwar mijina. Ni kau barci ya ƙaurace mani. To in tahi gidan surukuwa in ce na zo ganin ɗana? Ai sai garin ga ya ɗauka, a ce Kubura ba ta da kunya. Amma mai kwando ba a tambayarta ina za ta. Na yi ta roƙon Malam har ya bar ni. Gidan da ke jikin nasu akwai wata tsohuwa, zarenta, wa'iyazu billahi, ko akuya ba ka ɗaurewa da shi. Ba masaƙin da ke saye. Ni nike karɓa, in zo gida in warware in sake kaɗawa. Don katangarta ta zube ta gehe guda, in ka zauna bisa turminta kana hango tsakar gidansu.” Ta yi dariya tana bugun cinya. “Sauran gidajen duk don kada a gane ne. Ka ga kasuwa ta buɗe mani ban nema ba!”

Ruwa na ɗiga daga bakin rumfa cikin bokiti. Sa'idu na kallon wayar.

“In ka gan shi, Malam! Ɗan ƙanƙane, ga ciki. Shina zaune cikin kaji shina ba su labari, ya ce ma wannan ke yi shiru, ya ce ma waccan ke saurara. Surutu gare shi kamar aku. Sai in zauna ina ta ciniki da tsohuwar ga, cinikin da ba ya ƙarewa, kunnena na can.” Dariyar ta sauka. “Da ya dawo gida kuma sai ya zama shiru-shiru. Har yau ban san mi ya same shi ba.”

Bai san ya buɗe baki ba, sai dai ya ji muryarsa ta aiki tana fita, irin wadda yake yi wa kowace tsohuwa. “Iya, ya sunansa? A aikinmu sai an rubuta suna.”

Ta ja baya ta rufe baki da hannu. “Kai Malam! Ashe ba ka da ta ido. Ɗan fari ne hwa.”

Ya miƙa hannu ya kashe wayar. Ya cire tabarau ya ajiye kan jaka. Ya sauka daga tabarmar baƙi, ya durƙusa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

“Inna, ni ne.”

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Yana kallo abin ya zo mata, a hankali, daga ido ya sauka har baki. Hannunta ya lalubi mayafi ta ja shi ya rufe rabin fuska, ta juya ta fuskanci bango.

Ramla ta ji gidan ya yi tsit, ta leƙo. “Yaya, me ka yi mata?”

“Ba komai. Ta gane ni ne.”

Ramla ta dubi bayan Inna, ta dubi yayanta durƙushe cikin taɓo, ta koma ciki.

A nan ne ya ji zafin. Ka san in ƙafa ta daɗe a naɗe ta sage, ba ta ciwo sai jini ya fara dawowa. Haka ƙirjinsa ya yi, har ya dafa ƙasa. Tausayinta ya kama shi, tausayin kansa ya kama shi, da haushin matan da suka yi ta yabo, yawancinsu ma sun mutu balle a tambaye su. Duk da haka bai so shirun nan ya ƙare ba. Hirar duk ta baƙo ce, kowa ya shigo da jaka za a yi masa ita. Wannan bayan da aka juya masa kuwa, shi kaɗai ake juya wa a duniya. Ya durƙusa bai motsa ba, gwiwar wandonsa na shan ruwa, ita ma ba ta motsa ba.

Rana ta ɓullo daga cikin gajimare. A waje wata mai nono ta wuce tana talla. Inna ta saki mayafin, ya zame kafaɗa. Ta juyo, fuskarta a sake.

“Af! Malam, a ƙasa ka zauna? Yarinyar ga ba ta ba ka tabarma ba? Tashi, tashi, ka ɓata kayanka.” Ta gyara zama. “Ina muka tsaya?”

Ya tashi ya koma kan tabarmar. Ya ɗauki tabarau ya sa. Wayar kuwa bai taɓa ta ba.

“A Ƙofar Kwaya muka tsaya, Iya.”

“Yauwa. To ran nan ina zaune bisa turmin, sai ga shi ya hito da takalmin kakarsa a ƙafa...”